Dokin Ƙarfe A Kwanakin Kulle

Akwai zamanin da keke ke da daraja a ƙasar nan, har mutum kan sa shi cikin lissafin dukiyarsa kamar gona ko saniya. Da keke aka san malamin makaranta, haka malamin asibiti da ɗan kasuwa mai bin ƙauyuka, kuma hukuma kan karɓi kuɗin lasin a kansa kowace shekara. Wanda ya sayi sabon Raleigh, unguwa duka sai ta zo yi masa barka. Amma tun daga 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji aka shiga sayen Vespa da Honda, sai martabarsa ta soma zubewa. Daga baya har sunan aka ƙwace masa, don yau a Ikko in an ce keke, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne mai ƙafa uku, wanda aka laƙaba wa sunan Buba Marwa, da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin farfaɗo da hawan keke a 2001, amma dariya aka yi ta yi masa, balle da wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja.

To, ana nan cikin wannan hali sai ga annobar korona. Ran 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Ikko. Ran 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce daga ƙarfe 11 na daren washegari kowa ya zauna gida a Ikko da Ogun da Abuja har kwana 14. Da suka cika aka ƙara wasu 14, sa'an nan aka ƙara mako guda. Garin da ko da tsakar dare ba a rasa ƙarar hon a cikinsa ya yi tsit, danfo masu ruwan ɗorawa suka jeru a gareji kamar an yi musu mutuwa.

Cikin waɗanda wannan kulle ya rutsa da su akwai wani akawu, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ke aiki a wani kamfanin manyan motoci a Apapa. A Agege aka haife shi, inda mahaifinsa ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro ya zauna. Shekara goma sha ke nan kullum yana fita kafin asuba ta waye, ya dawo bayan isha'i, rabin ransa ya ƙare cikin cunkoson hanya. Rana ɗaya aka ce ya zauna, aka kuma aiko masa cewa rabin albashi za a iya biya. Mako na farko ba abin da ya yi sai riƙe rediyo yana sauraren adadin waɗanda suka kamu, yana daka wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Da dare kuma ba barci, gama a watan Afrilun nan labarin 'yan fashi ya cika unguwannin Agege da maƙwabtansu, samari na kwana a bakin layi suna ƙona tayoyi.

Uwargidansa ce ta gaji da ganinsa haka, ta roƙe shi ya share ɗakin ajiya na bayan gida. A can, bayan tsofaffin huhunan goro da katifa, keken mahaifinsa ke rataye tun rasuwar tsohon. Ta dube shi ta ce, "Malam, ko a ba 'yan jari-bola su auna, mu sami na cefane?" Maganarta ba ta wasa ba ce, don kuɗin gida ya ja baya ƙwarai. Ya ce ta ba shi mako biyu, in bai tashi ba a sayar.

Wanda bai san irin wannan keke ba, ya kamata a kwatanta masa. Baƙi ne wuluk, dogo, tayarsa inci 28, nauyinsa kusan kilo 20. Birkinsa ba na waya ba ne irin na kekunan yanzu, sandunan ƙarfe ne da ke jan roba ta kama cikin gargare. Kacarsa a rufe take cikin gidanta, don haka mai babbar riga na iya hawa ba tare da baƙin mai ya taɓa masa wando ba. A goshinsa akwai tambarin kamfanin, watau kan zalɓe. A birnin Nottingham na Ingila aka kafa kamfanin Raleigh cikin shekarun 1880, ya bunƙasa har ya haɗiye Humber a 1932 da Rudge a 1943, kuma ya yi masana'anta a Kano. A 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham ɗin kanta. Saboda haka abin da akawun ya sauko da shi daga bango, irinsa ba ya sake fitowa daga inda ya fito.

Shi dai alƙalami ya sani, bai taɓa riƙe sifana ba. Amma a layin bayansu akwai wani tsoho Bayarabe mai gyaran keke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shekaru ke nan ba ya samun aiki sai facin baro da kekunan yara, almajiransa duk sun koma gyaran babur. Akawun ya tura keken har ƙofarsa, suka gaisa daga nesa kamar yadda aka umarta. Tsohon ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, na san keken nan. Ni na ɗaure wa babanka wayoyin bayansa." Akawun ya ce, "To Baba, nawa za ka gyara?" Ya ce, "Idona ya yi rauni, hannuna na rawa. Ga kayan aiki, zauna can, ni zan faɗa, kai ka yi."

Haka aka yi. Kowace safiya tsohon na kan benci, akawun na durƙushe a ƙasa, tsakaninsu taku uku. Aka fara da kananzir, aka jiƙa kowane noti aka bar shi ya kwana, don tsatsar shekaru ba ta sakin ƙarfe da ƙarfin tuwo. Nan ya koyi cewa fedar hagu baibai ake kwance ta, wanda ya murɗa ta yadda ya saba, ƙara ɗaure ta yake yi. Ya koyi cewa ƙusar da ke riƙe da hannun feda, in za a buge ta sai an tokare ƙasa da ƙarfe, in ba haka ba gudumar boris za ta farfasa. Da ya buɗe gindin keken, ƙananan ƙwallayen boris suka watse cikin ƙasa, tsohon ya sa shi tsince su ɗaya ɗaya, ya ce sha ɗaya ne a kowane gefe, kada ya tashi sai sun cika ashirin da biyu. Yaransa uku suka taya shi nema, wannan ne kuma karo na farko da aka ji dariya a gidan tun da aka kulle gari.

Abin da ya fi ɗaukar ransa shi ne cibiyar tayar baya. Keken mai giya uku ne, na kamfanin Sturmey-Archer, kuma giyar duka a ɓoye take cikin cibiyar, ba ruwanta da ƙura ko ruwan sama. Ta ɗaya takan rage kashi 25 cikin ɗari don hawan tudu, ta biyu daidai wa daida, ta uku takan ƙara kashi 33 don gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ba ta bukatar kome sai 'yan ɗigon mai ta wata 'yar ƙofa. Da ya goge dattin da toka da lemon tsami, sai ga lambobi a jikin ƙarfen, 74 da 6. Tsohon ya ce ai haka kamfanin ke yi, yakan buga shekara da watan ƙira. Watau a watan Yuni na 1974 aka yi ta, tun ba a haifi akawun ba. Ya daɗe zaune yana shafa lambobin. Mahaifinsa mutum ne mai ƙarancin magana, bai bar wasiƙa ba, bai bar hoto ba sai na fasfo. Amma ga sirdin fata ya lotsa ta gefen dama, daidai yadda tsohon ke zama saboda ciwon ƙugunsa, ga kuma wani noti da aka naɗe da zaren buhu a wata rana da ba wanda zai iya faɗa yanzu.

A nan ne bambancin kayan dā da na yanzu ke fitowa. Ba wai ƙarfen dā ba ya lalacewa ba ne, yana lalacewa sarai. Amma an ƙera shi da nufin a buɗe, a wanke, a sauya abin da ya ci, a mayar. Kusan ba abin da ke jikin keken nan da sifana da guduma ba za su kwance ba. Ai dalilin da ya sa ke nan ya yi kasuwa a ƙauyukan Afirka da Indiya, inda maƙerin gari ma kan iya ceto shi. Sai dai Raleigh na da nasa taurin kai. Zaren gindinsa 26 ne a kowane inci, alhali na sauran Ingila 24, saboda haka kayan wani keke ba lalle su shiga ba. Kasuwar kayan gyara kuwa a rufe take. Abin da ya cece su shi ne wani tsohon gwangwanin madara da Baba ya shekara yana tara tarkace a ciki. Taya da tif kuma sai na wani Phoenix ɗan ƙasar Sin aka cire, wanda mai shi ya yasar, domin girmansu ɗaya. Dā a ƙasar nan ake yin taya, amma Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008.

Ran kwana goma sha biyu keken ya tsaya da ƙafafunsa. Amma gyara daban, hawa daban, gama doka ba ta ce a fita shan iska ba. Kuma fitar ba ƙaramin haɗari ba ce: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa cikin mako biyu na farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle a jihohi dabam dabam, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Abin da aka yarda shi ne kasuwannin abinci su ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, ana tsallake kwana guda. Motar haya babu. Sai akawun ya ɗaura kwando a kariya, ya sa takunkumi, ya zama ɗan aiken gidansu da na maƙwabta uku, har da na Baba. A shingen farko wani ɗan sanda ya tsai da shi, ya leƙa kwandon, ya zagaya keken, sa'an nan ya kaɗa ƙararrawar sau biyu ya ce kakansa ma irinsa gare shi.

Daɗin da ya ji a kan hanyar nan, da wuya a bayyana shi ga wanda bai taɓa ganin titin Agege fayau ba. Keke mai nauyi yana da wuyar tashi, amma in ya ɗauki hanya sai ya riƙa tafiya da kansa, mahayi na zaune a miƙe kamar hakimi, ba a dunƙule ba. Ba ƙarar inji, sai ɗan ƙas-ƙas na cibiyar baya da shuuu na taya a kan kwalta. Ya ji ƙamshin burodi daga gidajen gashi tun daga nesa, abin da hayaƙin danfo ya hana shi ji shekara da shekaru. Ya gane cewa hanyar da yake bi kullum tana da gangara da hawa, wanda fasinja ba ya sani sai mai taka feda. Ya ga tsofaffin gidaje masu baranda a gefen layin dogo, waɗanda ya wuce sau dubbai bai ɗaga kai ba. Azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, ba tarawihi a masallaci, ba tafsiri, kuma an hana tafiya tsakanin jihohi, don haka ko Sallah ba za a je gida ba. Duk da ƙishirwa, ranar kasuwa ce ranar da yake ɗoki. Kada dai a ƙawata abin fiye da kima: a kan hanyar nan ya wuce 'yan ga-ruwa da masu dako da masu wankin takalmi, waɗanda kullen ya yanke wa abincin yini, suna zaune jugum. Shirun da ya yi masa daɗi, su yunwa ce a gare su, kuma ya san haka.

Ba a Agege kaɗai aka tuna da keke a shekarar ba. A Ingila an bar shagunan keke a buɗe cikin kulle, daga baya gwamnati ta ba da takardar fam 50 ga mai son gyara tsohon kekensa, Faransa ma ta ba da yuro 50. Birnin Bogota na Kolombiya ya ware wa masu keke hanyoyi na wucin gadi tun a watan Maris, Paris kuma ta hana yawancin motoci bin babban titin Rivoli. A wuraren nan an yi amfani da damar. A Ikko kuwa, da aka sassauta ran 4 ga Mayu, sai danfo da tanka suka dawo suka karɓe titinsu. Sau ɗaya akawun ya gwada zuwa Apapa a kan keke. Bai kai Oshodi ba wata tirela ta matse shi da gefen kwata, ya sauka ya turo shi zuwa gida, gwiwoyinsa na kaɗawa. Abokan aikinsa da suka ji labari suka tambaye shi ko talaucin har ya kai haka.

Bai sayar ba, ko da yake wani mai tara kayan dā ya taya da kuɗin da ya fi albashinsa na wata, uwargida kuma ba ta sake tayar da zancen jari-bola ba. Ran Lahadi bayan sallar asuba yake hawa, kafin gari ya tashi, wani lokaci da ƙaramin ɗansa a goye. Babban kuwa ya riga ya iya, duk da ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda kamar yadda yaran dā ke yi. Baba ya bar masa sifanu biyu da gwangwanin madarar nan kafin 'ya'yansa su mai da shi Abeokuta. Yanzu a ɗakin ajiyar akwai wani Hercules da ya saya a hannun 'yan jari-bola da kuɗin awon ƙarfe, an wanke shi, an ɗaure wayoyinsa, saura sandar birkin gaba. Ya ba wani direban kamfaninsu tsohuwar a ƙunshe cikin takarda, ya duba masa irinta in ya isa Kano.