Waken Da Ya Tsaya A Madadin Nama

Tun ranar da likita ya ce jinin Baban Hafsat ya hau, ya rage gishiri da jan nama, zaman lafiya ya ƙaura daga tabarmar cin abincinmu. Mutumin da tuwo ba ya wuce masa sai ya ga tsoka biyu a gefen kwano, shi aka ce ya haƙura. Wata guda cur ina dafa ganye da kifi, yana ci yana tsaki, har ƙanwarsa ta fara raɗa wa dangi wai rowa ce ta kama ni, na fake da likita. Wallahi mai karatu maganar nan ta ci mini rai. Ni da nake raba dare ina rubuta littafi don in taimaka tukunyar gidan ta tafasa, yau ni ce marowaciya.

Ana cikin haka ƙanina da yake aiki a Houston, can jihar Texas ta Amurka, ya zo hutu. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ki yi masa cili mana."

Shi dai cili abincin yankin Texas da iyakar Meziko ne, nama da barkono ake dafawa har su narke. Birnin San Antonio ya yi suna da shi, kuma a 1977 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin abincin jiha. 'Yan gargajiyarsu ma ba sa yarda wake ya shiga ciki. Masu gudun nama ne suka juya abin, suka cire naman suka cika tukunya da wake.

Cikin tsarabarsa har da wani jan wake mai siffar ƙoda. Ya ja mini kunne cewa in jiƙa shi ya kwana, in zubar da ruwan, sannan ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin in rage wuta, don idan bai dahu ba yana sa amai da gudawa. Na dafa shi daban, farin wakenmu daban, tunda namu ya fi saurin nuna. Kanwa kuwa na ajiye ta, ita ma 'yar uwar gishiri ce.

Karon farko abin bai yi ba. Na cika ruwa, ya fito tsululu kamar miyar da ta rasa tuwo. Baban Hafsat ya ɗaga murfi, ya mayar, ya ce a kawo masa shayi.

Karo na biyu na nutsu. Na soya albasa manya guda 3 a man gyaɗa kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi, na sa tafarnuwa da garin barkono da wani abin ƙamshi da suke kira kumin, na bari suka soyu a man kafin tumatir da tattasai su biyo. Da waken ya shiga sai na rage wuta na ƙyale shi kusan awa guda, na murƙushe ludayi biyu a jikin tukunya don ya yi kauri. Duk da haka da na ɗanɗana sai na ji akwai gurbin da naman ya bari. A nan na saɓa wa Texas, na daka daddawa na zuba. Ƙanina ya ce wannan bidi'a ce, na ce ya bari ya ɗanɗana tukuna. Kwano biyu ya ci.

Da dare na zuba wa maigidan a kan farar shinkafa, na matsa lemun tsami, ban ce komai ba. Ya yi loma uku shiru, sannan ya fara tona kwanon da cokali.

"Maman Hafsat, ina kika ɓoye naman?"

Na ce ya ci gaba da nema. Washegari da safe ya sa na zuba ragowar a kula, da kansa ya kai wa ƙanwar tasa.