Fren gaba mai kamewa da yoyo: gyara yake so, ba kashewa ba

In ka tsaya bakin babbar kasuwar Maradi kana kallon baburan da ke wucewa, za ka ga da yawa masu fren gaba na diski, amma hannun fren ɗin lilo yake, ba mai a ciki, wasu ma an cire tiyon ɗungum. Ka tambayi mai shi, amsa guda ce: "Ai kamewa yake, ga yoyo, shi ya sa na kashe shi." Wani ya ƙara da cewa fren gaba kayar da mutum yake. To amma sa'ad da moto zai tsaya, nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin. Ɗan kabu-kabun da ya kashe shi ya bar wa na baya kayan da ba ya iya ɗauka, ga shi ya goyo mace da jinjiri.

Nawa moton tsoho ne, 125 okaziyon, da shi nake sammako zuwa radiyo. Bayan bujin bana sai ya fara nauyi wurin turawa, diskin ya yi zafin da ba ka iya taɓa shi, ga danshin mai ƙarƙashin kan fren, wanda a gareji suke ce wa etiriye. Na kai shi wurin wani dattijon makaniki a unguwarmu.

Abin da ya fara yi ya burge ni. Ya ɗaga tayar gaba, ya matse fren ya saki, taya ta ƙi juyawa. Sai ya ɗan kwance ƙaramin kusan da ake fidda iska ta nan. "Duba nan, ɗana," in ji shi, "da ta saku yanzu, da ciwon a sama yake: ko ƴar kafar da mai ke komawa tukunya ta toshe, ko tiyo ya lalace daga ciki. Tunda ba ta saku ba, fistan ne." Minti biyu, ya san inda zai nema.

Da anka fidda fistan, ga tsatsa, ga wata farar dauɗa daskare cikin ramin da zoben roba ke zama. Nan ne asirin. Zoben nan aiki biyu yake: yana tare mai, kuma shi ke ɗan janyo fistan baya in ka saki hannu. Man fren yana shan danshin iska, in ya tsufa ruwan cikinsa ya ci ƙarfe. Ƙura kuma ta shiga ta robar waje da ta tsage. Dauɗar ta tura zoben ya shaƙe fistan, tsatsar ta yanke zoben ya fara yoyo. Ashe kamewar da yoyon uwarsu ɗaya.

Ya kankare ramin a hankali, ya sa sabon fistan don tsohon ya yi ramuka, ya sa sabbin robobi bayan ya shafa musu man fren, ya goge ƙarafan nan biyu da etiriye ke zamewa a kansu ya sa musu giris ɗin da ba ya cin roba. Wankin ma bai yarda yaronsa ya kawo esansi ba.

Nan nake son masu babura su saurara da kyau, don wanga shi ne abin da ya fi kashe fren a garin nan. Mai ya ragu, sai a zuba man inji, ko kowane mai ke kusa. Wallahi kada ku yi. Man inji da esansi suna kumbura robar fren, kwana kaɗan komai ya kame daga sama har ƙasa. Ku duba murfin tukunyar, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, shi za a sa, daga kwalbar da ba a daɗe da buɗewa ba. DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa. In ya sha ruwa yana iya sauka wajen 155. Fren da ke gugar diski cikin zafin watan Afrilu, in man ya tafasa, za ka matse hannu ya tafi har ƙarshe ba abin da ya kama. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ko da bai ragu ba.

Plaketin da mai ya jiƙa kuma zubar da su ake. Na ga masu ƙona su a wuta ko goga su da yashi wai su bushe. Man yana nan ciki, zafi na zuwa ya fito. Na ce, "Baba, nawa fa ba su cinye ba." Ya ce, "Sun sha mai, sun gama aiki."

Daga ƙarshe munka fidda iska, ni ina matse hannu, shi yana buɗe kusa yana rufewa, har man ya fito garau ba kumfa, hannun ya yi tauri. Ya auna kaurin diskin ya gwada da lambar da ke rubuce a jikinsa, ya ce da sauransa. Duk aikin, daga hantsi zuwa azahar.