Ciwon kan da ke tasowa daga ƙeya

Ƴan'uwa mata, ciwon kai iri-iri ne, amma wanda ya dame mu a tarurrukan asusu na bana shi ne wanda ke biyo bayan faɗuwa. Mu nan Junju ba sai an ba mu labarin faɗuwa ba. Mai kabu-kabu ya shiga rairayi a hanyar kasuwa, babur ya kwanta. Amalanken rake ya tuntsure. Ƙafa ta zame a bakin rijiya da jarka a kai. Mace ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta ce alhamdu lillahi babu karaya. Kwana biyu ko uku, wuya ya sandare, kai kuma ya ɗauka.

Shi wannan ciwo yana da kamanninsa. Daga ƙeya yake farawa, ya hau ta gefe guda, ya zo ya zauna a goshi ko bayan ido. In kika waiwaya sai ya ƙaru. In kika daɗe a duƙe kan wanki ko tankaɗe, haka. In aka danna inda wuya ya haɗu da kai, sai ki ji shi har cikin ido. Dalili kuwa, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga saman wuya suna haɗuwa wuri guda da na fuska da goshi, sai ƙwaƙwalwa ta kasa raba su. Naman wuya ne ya ɗaure don ya kare wurin da ya bugu, ya ƙi saki, amma goshi ke kuka.

Shi ya sa ƙwaya ba ta gama da shi. Farasitamol yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba ya kwance ɗaurin. Kuma ma'aikatan lafiya sun tabbatar cewa mai shan irinsa kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, maganin da kansa yana iya zama mai jawo ciwon kan. Tramol ɗin masu tallar magani a faranti kam, kada ma a fara. Shi kamawa yake.

Abin da muka ga yana taimako shi ne tausa, irin ta hankali. A jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, a ɗora a wuya da kafaɗu kamar minti 10. Mai ciwon ta zauna a kujera ƴar tsugunno, mai tausa ta tsaya a bayanta da ɗan man kaɗanya a hannu. A fara daga kafaɗa, inda naman ya yi tauri kamar igiya, a bi shi da tafin hannu ana hawa sannu. In an iso ƙeya, a sa yatsu a ɗan kwarmin da ke ƙarƙashin ƙashin kai, a danna kaɗan, a riƙe, a saki. Bayan ƙashi ba a dannawa, gaban wuya ma ba a taɓawa. Ma'aunin shi ne bakin mai ciwo: in ta ce “Yaya, ya yi yawa”, to ya yi yawa. Daga nan ita da kanta ta juya kai dama da hagu, iyakar inda bai yi mata zafi ba. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi murza mai tsanani sau ɗaya.

Muna girmama maɗora, sun san aikinsu a hannu da ƙafa. Amma murɗe wuya har ya yi ƙara, wai a mai da shi wurinsa, wannan ba mu yarda da shi ba ko daga hannun wa. Lakar da ke motsa hannu da ƙafa ta cikin wuyan nan ta bi, manyan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ma ta nan suke.

Kafin kowa ya kai hannu, majo ya fara dubawa. In bayan faɗuwa akwai amai, ko magagi, ko ruɗewa, ko hannu ya mutu, ko ƙafa ta yi sanyi, ko jini ko ruwa na fita ta kunne, wannan na likita ne a ranar, ko da sai an tura Gaya ko Doso. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi, musamman daga hunturu zuwa bazara, mu tuna sanƙarau. Waɗanda suka ga 2015 a jihar Doso ba su manta ba. Mai ciki da ciwon kai da kumburin fuska, awon jini take buƙata, ba man kaɗanya ba.

Inda maganar ta shafi asusu kuwa, ga shi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, gammo bai rage ko ɗaya. A yi wa mace tausa da dare, da asuba ta ɗora wannan a kai ta yi sawu uku, an yi aikin baban giwa ke nan. Kuma mun san abin da ke tashe ta: bashin da ta ci a akwati yana jiran ranar zubi, sana'ar rogo ko ƙuli-ƙuli ba ta jiran wuya ya warke. Wata dattijuwa a cikinmu ta faɗa a fili: “Ɗiyata, ba tausa ta gagare ki ba, hutu ne ba ki da kuɗinsa.”

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan kuɗin taimako daban da na bashi, sai dai galibi biki da rasuwa muke kai shi. A ƙungiyarmu mun ƙara faɗuwa a ciki. Wadda ta faɗi, akwati zai biya mata kabu-kabu da kuɗin ganin majo. Mata biyu za su karɓi ɗaukar ruwanta na sati biyu, ɗaya kuma ta riƙa leƙa ta bayan magariba da man kaɗanya. Batun ɗage mata ranar biyan bashi ba tare da tara ba, an yi ta gardama, ma'ajiya ta ce sai an ƙirga akwati tukuna. Mun bar shi sai zama mai zuwa.