Sikeli Ba Ya Auna Tsoka

Litinin
Mun koma asibiti da Yaya a duba ɗinkin aikin da aka yi masa a babban hanji. An ɗora shi a sikeli, kilo 80. Inna ta yi hamdala, ta ce ai ciwon dajin bai cinye shi ba, ga jikinsa nan. Likita ta buɗe hoton CT ɗin da aka ɗauka kafin aiki, ta tsaya a daidai ƙashin baya na uku a ƙugu, ta nuna mana tsokar da ke kewaye da shi. Ta yi siriri, kitse ya kutsa cikinta. Ta ce a nan ake duba yawan tsokar jiki, kuma Yaya yana da ƙiba amma tsokarsa ta zube.

Talata
Na kwana da maganar, na shiga bincike. A 2008 Carla Prado da abokan aikinta a Alberta ta Kanada sun duba masu ciwon dajin huhu da na hanyar abinci su 250 masu ƙiba, suka tarar kusan kashi 15 cikin 100 na da ƙarancin tsoka, kuma su suka fi saurin rasuwa. A 2017 Bette Caan ta fitar da bincike kan mutum 3,262 masu dajin babban hanji a arewacin Kalifoniya. Kashi 42 cikin 100 tsokarsu ta yi ƙasa tun ranar da aka gano ciwon, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 27. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yawancinsu ba ramammu ba ne, ido ba zai gane su ba.

Laraba
Yau aka yi maganar kemo. Da tsawo da nauyi ake lissafa yawan maganin, lissafin kuma bai bambanta tsoka da kitse ba. Shi ya sa mai ƙarancin tsoka ya fi shan wahalar maganin, har a rage masa ko a dakatar. Yaya ya tambaya, "Likita, to me zan yi?" Ta ce ya ci, ya kuma motsa.

Alhamis
An kai ruwa rana a gida. Gwaggo ta zo dubiya ta tarar ina dafa masa ƙwai da kifi, ta ce ƙwai da gyaɗa na sa ciwo ya yi ruwa, mai ɗinki kunu da koko kawai yake sha. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ce ta ce a ba shi." Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai na ba da shawarar giram 1 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo a rana. Ga Yaya giram 80 ne zuwa 120, ƙwai ɗaya kuwa kusan giram 6 ne. Kofi nawa na koko zai kai nan? Ƙaunar Gwaggo ba ta da shakka, amma wannan al'adar tana ƙarar da marasa lafiyarmu. Mun shirya da ita a kan kifi, nono, awara da naman kaza, wake kuma a hankali saboda hanjin.

Juma'a
Yaya ya taka zuwa masallacin unguwa. Ya dawo yana haki, ya kwanta har la'asar.

Asabar
Inna ta hana shi fita, wai maras lafiya hutu yake so. Na zauna na yi mata bayanin gwajin CHALLENGE da aka wallafa a 2025. Mutum 889 ne da suka gama kemo bayan aikin dajin hanji. An haɗa rabinsu da mai horarwa na shekara 3, galibi tafiyar sauri suke yi. Bayan shekara 8, kashi 90 cikin 100 na masu horon na raye, a ɗaya ɓangaren kashi 83. Ta yi shiru, sannan ta ce in raka shi, kada mu wuce bakin titi.

Lahadi
Ya tashi daga kujera sau biyar a jere bai dafa komai ba. Mako mai zuwa za a fara kemo. Duk mai jinyar irin wannan ciwo, hoton CT yana hannunka, kuɗinsa ka riga ka biya. Ka roƙi likita ya duba tsokar da ke cikinsa, ka tambayi abin da maras lafiyarka zai ci da tafiyar da zai iya yi.