Daga Tashar Kano Zuwa Bakin Ruwa

A Marmaris, garin shaƙatawa da ke gaɓar tekun Turkiyya, ana kwasar baƙi zuwa kogin Dalyan. Kwalekwale mai inji yana ratsa ciyayin ruwa, ɗan jagora yana nuna kaburburan Kaunos da aka sassaƙa a jikin dutse sama da shekara 2,000 da suka wuce. A ganina, bakin ɗan jagoran nan baƙo yake saye; ruwa ai ko'ina akwai shi.

Wanda ya tsaya a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, daura da Fagge da Sabon Gari, da wuya kogi ya faɗo masa a rai. Alhali kuwa dogon da ya iso nan a 1911 daga Baro aka shimfiɗo shi, a bakin kogin Kwara, domin kayan Arewa su sauka daga jirgin ƙasa su hau na ruwa. Auduga Turawa suka sa rai, manoman Kano suka ba su gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, arzikin su Alhassan Ɗantata ya bunƙasa. Ita kanta Sabon Gari, baƙin da dogo ya kawo aka yanka wa ita.

Da wuya ka sami mai ba da wannan labari a tashar, ga kuma ɗalibanmu na tarihi suna yawon neman aiki. Rangadin yini guda ya ishi 'yan makaranta: a fara daga tashar, a tsallaka kogin Challawa, a ƙare cikin kwalekwale a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako.