Ranar Da Salansa Ta Kusa Ɓata Mana Kai Amarya

'Yan uwana mata, ni dai da can ban ɗauki salansar mota a bakin komai ba, sai ranar kai Hadiza, aminiyata tun muna aji ɗaya, daga Batsari zuwa Safana a shekarar 2022.

Motar Yaya muka shiga, tsohuwar Fijo 504 wadda Baba ya bar masa. Salansarta ta daɗe da hujewa, tsatsa ta cinye ta, shi kuwa kullum sai dai ya naɗe ta da gwangwanin madara ya ɗaure da waya. Muka zuge gilasai saboda ƙura kada kwalliya ta ɓaci. Ba mu yi nisa ba amarya ta ce kanta na sarawa, muka ce ai kukan rabuwa da gida ne.

Muna shiga Runka sai ji muka yi fam! Salansa ta faɗo, mota ta kama wata irin ƙara tamkar harbi. Wallahi har masu tallar rogo sai da suka watse, don kun san wanda ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba ya tsayawa tambaya. Ga la'asar ta yi, kowa na tsoron dare ya riske shi a wannan hanya.

Wani dattijon bakanike ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago yana girgiza kai.

"Malam, a haka ka ɗauko 'ya'yan mutane? Hayaƙin nan cikin mota yake shiga, kuma akwai iska mai guba a cikinsa, ba ta da wari ba ta da launi. Da ciwon kai take farawa, sai jiri, sai barci."

Ƙirjina ya buga, na dubi Hadiza. Yaya ya ce a ɗan yi walda kawai mu wuce.

"Walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe," in ji dattijon.

Kuɗin Yaya ba su kai ba. Ni da nake ɓoyon kuɗin buga littafina na biyu a kullin zane, haka na kwance ina ƙunƙuni. Ya ciro wata ta hannu a jikin mataccen Fijo, ya yanke tsohuwar, ya ɗaura, ya toshe bakin bututun da tsumma yana sauraren ko tana yoyo.

Ana kiran magariba muka shiga Safana, gilasai a sauke, ƙura har cikin gashin idon amarya. Kuɗina kuwa har yau Yaya cewa yake sai ya sayar da gyaɗa.