Akwatin da ke Ƙarƙashin Gado

A ƙarƙashin gadonmu a Gwarzo akwai wani akwatin ƙarfe irin na ɗaliban makarantar kwana, wanda uwargida ta daɗe tana neman a fitar mata da shi daga ɗaki. Babu kuɗi a ciki, babu takardar gona. Kaset-kaset ne guda 214, kuma dukkansu na mutum ɗaya ne, marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina. Shekara ashirin da ɗoriya muka yi muna tara su daga ɗan abin da ya ragu a albashin malanta, albashin da duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san tsawonsa. To 'yan'uwa marubuta, labarin wannan akwati muke son ba ku, domin ya koya mana abin da ba mu samu a aji ba lokacin da muke neman diflomar koyarwa.

Da farko ya kamata a bambanta. Waƙoƙin Shata iri biyu ne a hannun jama'a. Akwai waɗanda aka ɗauka a tsanake, na faifan kamfani irin su EMI da na gidajen rediyon Kaduna da Kano, inda aka daidaita murya da kalangu, kowa ya san su, kowane mai kaset a Bata ko Ƙofar Wambai ya sayar da su a zamaninsa. Sa'an nan akwai waɗanda mu muke kira na fili, wato waɗanda wani ɗan kallo ya je wurin biki ko suna ko naɗin sarauta da rikodarsa a kafaɗa, ya danna jan maɓalli, ya ɗauko abin da Allah Ya ba shi. Waɗannan ba su da kwali mai hoto, ba su da sunan kamfani, sau da yawa ma ba su da kwanan wata. Su muke farauta.

Mai karatu zai ce, me za a yi da kaset mai hayaniya alhali ga tatacciya nan a kasuwa? Amsar tana cikin yadda Shata yake waƙa. Ba rubutawa yake yi ba, a wurin yake saƙa ta, ya dubi taron da ke gabansa ya yi musu daidai da su. Ɗauki Bakandamiya. Wanda ya ji ta a faifai guda sai ya ɗauka ya san ta, amma a akwatinmu kaɗai akwai ta sau goma sha ɗaya, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Wata ta yi tsawo, wata ta gajarta, a wata ya shigo da garin da ake wasan, a wata ya tsaya kan baiti guda yana juya shi har sai da taro ya rikice da ihu. Bayan wannan kuma kaset ɗin fili tana ɗauke da daren baki ɗayansa. Za ka ji guɗar mata, ka ji sanƙira yana shelar kyauta, ka ji makaɗi yana matse kalangu, ka ji kukan jariri da tarin wani tsoho da ke kusa da rikoda. Idan batirin mai ɗauka ya yi sanyi a tsakar dare, zaren ya riƙa tafiya a hankali, to in ka zo saurare sai ka ji muryar ta siranta tana gudu kamar ta yaro. Ko wannan ma mun saba da shi har ya zama daɗi.

Muna 'yan samari Shata ya rasu, a watan Yuni na 1999, a Kano, aka kai shi Daura aka binne. Mun taso muna jin sa a ko'ina ba tare da mun kula ba, kamar yadda ba a kula da kiran kasuwa. Sai da aka ce babu shi, sa'an nan kunnenmu ya buɗe. Kuma Allah Ya ajiye mu a wurin da ya dace. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo ta ratsa Gwarzo, ita ce ke wucewa Dayi da Malumfashi har Funtuwa inda ya yi zama mai tsawo, kuma Musawa inda aka haife shi a 1923 ba wani nisa gare ta da mu ba. Saboda haka duk tsohon direban da ya ci wannan hanya, da wuya ka rasa kaset ɗaya ko biyu a ajiyarsa. Wajen su muka fara, sai masu gyaran rediyo, sai masu shayi na bakin tasha.

Harkar tana da ladabinta. Ba a cika sayarwa ba, musaya ake yi, ka ba ni wadda ba ni da ita in ba ka wadda ba ka da ita. Kaset ɗin da aka ɗauka a filin da kanta muna ce mata uwa, wadda aka kwafa daga ita 'ya, ta gaba jika, kuma kowace kwafa tana rage haske ta ƙara shuu, har in an kai tattaɓa kunne sai ka rantse Shata a cikin rijiya yake waƙa. Mun koyi nannaɗe zare da biro don kada a ɓata batir, mun koyi goge kan rikoda da auduga, mun koyi cewa TDK mai minti sittin ta fi mai minti casa'in juriya domin zarenta ya fi kauri. Mun koyi kuma cewa mai uwa ba ya ba da aro. Ka zo da rikodarka ka kwafa a gabansa, in ya yarda ke nan.

Mun daɗe muna zaton mu kaɗai ke da wannan ciwo, sai wani ɗalibinmu ya nuna mana a wayarsa cewa Turawa sun riga mu. Masoyan makaɗan jita masu ƙarar nan ta Ingila da Amurka sun shekara hamsin suna shiga wuraren wasa da rikoda a ɓoye, suna musayar abin da suka ɗauko, suna gardama kan wane dare ne ya fi wane. Wasu ƙungiyoyin, kamar Led Zeppelin, sun yaƙi abin da ƙarfi. Ita kuwa Metallica a farkon shekarun 1990 har wuri ta keɓe wa masu ɗauka a wasanninta, amma a 2000 ta kai Napster kotu saboda yaɗa waƙoƙinta a intanet ba da izini ba. Wannan ya sa muka tambayi kanmu abin da muka daɗe muna kauce wa: shin abin da ke akwatinmu amana ce ko kayan sata? Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka tun ta 1988 har zuwa sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, kuma mawaƙin ya bar iyali. Abin da muka tsayar wa kanmu shi ne ba za mu taɓa karɓar ko sisi a kan kaset ɗin fili ba. Ko hakan ya wadatar, malamai su faɗa.

Yanzu bari mu zo kan dattijon da ya sa muka ɗauki alƙalami. A wani ƙauye na ƙasar Kabo yake, tsohon direban babbar mota, kuma duk mai wannan harka a yankinmu ya san yana da iyaye, wato kaset-kaset da ya ɗauka da hannunsa, cike da buhu. Ba ya ba da aro, ba ya yarda a kwafa. Shekara uku muna zuwa gaishe shi da goro da sukari, mu zauna a zaure ya ba mu labarin hanyar Legas, mu tashi ba mu ambaci kaset ba. Ran nan sai ya dube mu ya ce, "Malam, wai kai ɗan wane ne a Gwarzo?" Muka faɗa masa sunan mahaifinmu, muka ce tela ne, ya rasu a 1991 muna aji huɗu na firamare. Ya yi shiru, sa'an nan ya shiga gida, ya daɗe, ya fito da kaset guda wadda takardarta ta yi ja. Ya ce, "Ɗana, tafi da wannan, taka ce. Kada ka saurara kai kaɗai, ka kai wa tsohuwarka."

Bayan isha muka kunna ta a ɗakin Inna. Wasan wani biki ne da aka yi kafin a haife mu. Can wajen tsakiyar fuska ta biyu sanƙira ya yi shelar cewa tela daga Gwarzo ya ba da naira biyu. Jim kaɗan sai ga wata murya dab da rikoda, ta danne ta mawaƙin, tana cewa, "Direba, ɗaga ta sama mana, mutane na ture ka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Mai da baya." Muka mai da. Sau huɗu muna mai da wa, sa'an nan ta ce ya isa, ta juya fuska ga bango. Mu kuwa da muka manta da wannan murya sarai, har muna jin kunyar faɗa, a daren muka gane cewa irin ta ce a maƙogwaronmu.

Da muka koma yin godiya, muka roƙi dattijon ya bari a kwafe sauran buhun, ko da a gabansa ne. Ya ce, "Malam, in kowa ya samu, me zai kawo ku zaurena?" Muka yi dariya, amma da gaske yake. Bayan shekara biyu Allah Ya yi masa rasuwa da rani. Kunya ta hana mu tayar da zancen kaset a gidan makoki, muka ce sai an yi arba'in, daga nan muka ce sai an raba gado. Kafin nan damina ta sauka, rufin ɗakin da buhun yake ya rufta. Da muka je, wani jikansa ya nuna mana abin da aka tono: laka ta shiga ko'ina, yara sun zare wasu suna tallar zaren a kan kara. Guda tara muka ceto. Mun dawo gida muna ta faɗa a zuci da rowar tsoho.

Amma masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A makarantarmu akwai wani matashin malamin kwamfuta da ya daɗe yana roƙon mu kawo akwatin ya juye shi zuwa na'ura. Kullum muna da dalili. Yau mu ce za a lalata mana zare, gobe mu ce masu tura waƙa a waya za su samu su mai da ita haja. Gaskiyar magana ita ce irin ta dattijon, muna jin daɗin a ce sai wurin Malam ake samun kaza. Muna nan a haka har wata Juma'a Inna ta ce tana son jin kaset ɗin nan. Muka saka, rikoda ta tauna zaren, kuma ba ta tauna ko'ina ba sai wurin da muka fi mai da wa baya, domin nan ne ya fi sirancewa. Muka kwance kaset ɗin da hannu na rawa, muka yanke inda ya tsinke, muka liƙe da jan farcen uwargida. Shelar sanƙira ta tsira. Daga maganar mahaifinmu kuwa rabin farko ya tafi, saura "mutane na ture ka". Da mun kai ta wajen yaron nan tun ranar da ya fara roƙo, da tana nan cikakkiya.

Ranar Litinin muka ɗora akwatin a bayan babur. Wata biyar muka yi muna zama bayan an tashi makaranta, kaset ɗaya bayan ɗaya, domin ba a gaggauta ta, mai minti sittin sai ta ci minti sittin. Muka sayi babban littafi muna rubuta abin da muka sani game da kowace: daga hannun wa ta fito, uwa ce ko jika, wane gari ake jin an ambata, da wane irin kuɗi ake kyauta, domin jin fam da sule yana nuna kafin 1973 ne ko kusa da ita. Guda uku muka ware ba mu bari sun fita ba, saboda akwai zambo a cikinsu kan mutanen da jikokinsu ke zaune a ajinmu. Sauran mun raba kwafi ga duk wanda ya taɓa ba mu, da sharaɗin kada a sayar.

Manya sun yi nasu aikin. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Amma abin da ke cikin buhunan ƙauye ba mai iya kai wa gare shi sai ɗan ƙauyen. Kuma ba Shata kaɗai ba ne. Akwai na Ɗanƙwairo, akwai na Ɗan Maraya Jos, akwai na makaɗan noma da na 'yan dambe waɗanda ko sau ɗaya ba su taka gidan rediyo ba. Muna roƙon 'yan wannan ƙungiya, musamman masu tasowa, kowa ya leƙa ɗakin kakansa kafin damina mai zuwa. In ka samu, ka kwafa, ka tambayi mai ita a ina aka ɗauka da kuma yaushe tun yana da rai, ka rubuta.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gado, uwargida kuma ta ci gaba da ƙorafinta. Inna tana da rabin maganar nan a ƙaramar wayarta, jikokinta sun koya mata inda ake dannawa. Allah Ya jiƙan Alhaji Shata, Ya jiƙan dattijon Kabo da iyayenmu baki ɗaya, amin.